Amsar Tambaya: Wane Janareta Ya Dace da Motar Kwana?

Wani mai karatu da ke zaune a Amurka ya sayi irin motar nan mai ɗaki da kicin a ciki, yana tambaya wane janareta zai riƙa tafiya da shi hutu.

Na'urar sanyaya ɗaki ce za ta yanke hukunci. Mai ƙarfin BTU 13,500, wadda aka fi sakawa a waɗannan motoci, tana cin kimanin wat 1,500 idan tana aiki, amma lokacin tashi takan nemi kusan 3,000. Shi ya sa janaretan Honda EU2200i, mai wat 2,200 da nauyin kilo 21, ke riƙe firji da fitilu lafiya lau, amma yakan sha wuya wajen tayar da na'urar sanyin. Mafita biyu ce: ya haɗa guda biyu da wayar da aka yi domin haka, ko ya sa na'urar da ke sassauta tashin injin sanyin.

Lallai ya zaɓi mai inbata. Wutarsa ba ta lalata kwamfuta, kuma ba shi da hayaniya sosai, abin da ke da muhimmanci domin gandun dajin gwamnatin Amurka ba su yarda ƙara ta wuce desibel 60 a nisan ƙafa 50 ba.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne hayaƙi. Iskar gubar da ke cikinsa ba ta da wari, kuma tana kashe mutum yana barci. Ya ajiye janaretan a waje, ƙafa 20 daga taga da ƙofa, ya kuma tabbatar ƙararrawar gano gubar tana aiki.