GYARAN RAMIN KIFI A GARKA

A gefen Tabkin Saw na Dogon Dutsi, da cikin fadamun Dallol Mawri har Tibiri, ruwa ba shi da nisa. Mai garka yana iya kiwon kifi. Amma ramin da aka bari ba kula, laka da kacalla suke cinye shi. Ruwa ya yi wari, kifi ya mutu.

Ga yadda ake gyara shi:

1. A kwashe ruwan, a ba shuka.
2. A tuge kacalla har saiwa.
3. A kwashe baƙar laka a kai cikin fangali. Taki ce.
4. A barbaɗa toka, a bar ramin ya sha rana har ƙasa ta tsage.
5. A toshe ɓaraka da yumɓu.

Wace matata ta dace?

Ruwan rijiya ba ya bukatar tacewa. Ruwan tabki kuwa yana zuwa da laka, da ƴaƴan kwaɗi, da baƙin kifi. Tsohon gidan sauro yana tare su, amma ba ya tare laka. Randa mai huji a gindi ta fi: tsakuwa a ƙasa, gawayi a tsakiya, rairayi a sama. In ta toshe, a wanke rairayin.

Kada a tsorata da koren ruwa. Abincin karfasa ne. A tsoma hannu har gwiwar hannu. In tafi ya ɓace a nan, ruwa ya yi daidai. In ya ɓace tun a wuyan hannu, a rage ruwan, a ƙara sabo.

Tambaya: Me ya sa ake shanya ramin?