Takin Zamani da Ingancin 'Ya'yan Inabi

Gabatarwa

Inabi na son rana da busasshiyar iska a lokacin nuna, irin yanayin rani na Bauchi da kewayenta. Manoman Kudan a Jihar Kaduna sun nuna cewa nomansa na yiwuwa a Arewa. Sai dai mafi yawan ƙasar noma a wannan yanki jigawa ce mai ƙarancin taki. Saboda haka yawan amfanin da za ka samu da zaƙinsa sun dogara ga irin takin da ka zuba da lokacin da ka zuba shi.

Aikin kowane sinadari

1. Naitirojin: shi ke fitar da ganye da sababbin rassa. Takin Yuriya na ɗauke da kashi 46 cikin ɗari. Idan ya yi ƙaranci, ganye zai yi rawaya. Idan ya yi yawa, ganye zai rufe 'ya'ya, nuna ta yi jinkiri, zaƙi ya ragu, ruɓa kuma ta ƙaru.

2. Fosfaras: yana ƙarfafa saiwa da fitar fure. Ana samunsa a takin Supa.

3. Fotash: shi ke taimaka wa sukari ya taru a cikin 'ya'ya. Alamar ƙarancinsa ita ce ƙonewar bakin ganye. Inabi ba ya jure gishiri, don haka fotash mai salfa ya fi dacewa da shi.

4. Zink da boron: kaɗan ake buƙata, amma rashinsu na sa fure ya zube, 'ya'ya su fito ƙanana.

Lokacin zuba taki

Bayan ka datse rassa a ƙarshen damina, ka zuba ruɓaɓɓen takin gargajiya tare da Supa ko Kamfa, nesa kaɗan da gindi, ka rufe da ƙasa, ka yi ban ruwa. Ka raba Yuriya kashi biyu ko uku, ka dakata da ita da zarar 'ya'ya sun fara laushi. Ka ƙara fotash yayin da 'ya'ya ke girma.

A lura

Kada ka auna taki da ido. Kafin ka saya, nemi malamin gona na Hukumar Bunƙasa Aikin Gona ta Jihar Bauchi ya taimaka maka a gwada ƙasarka. Mai saye zaƙi yake biya, ba yawan ganye ba.