Ray Charles, Makahon Mawaƙin Amurka

Ranar da aka kawo ni wannan makaranta ina da shekara goma sha biyu, kuma na yi kuka har na gode Allah. Wannan ne ya sa labarin Ray Charles ya kama ni, domin shi yana ɗan shekara bakwai aka kai shi makarantar kwana, ga shi kuma bai daɗe da makancewa ba.

An haife shi a 1930 a Albany cikin jihar Jojiya ta Amurka, amma ya tashi ne a Greenville ta jihar Fulorida. Yana ɗan shekara biyar ƙanensa ya faɗa cikin bahon wanki ya nutse a gaban idonsa. Ba a daɗe ba idanun nasa suka soma ciwo har suka rufe. Mahaifiyarsa matalauciya ce, amma ba ta yarda a zaunar da shi ana jin tausayinsa ba. Sai ta riƙa sa shi shara da faskare kamar kowane yaro, maƙwabta suna ganin rashin imani ne. A 1937 ta aika shi makarantar kurame da makafi da ke St. Augustine.

To, a can ne ya koyi karanta kiɗa da rubutun makafi, wanda ake shafawa da yatsa. Ku duba wahalar abin, 'yan'uwana ɗalibai. Mai ido yana kallon takarda, hannayensa biyu suna kan piyano. Shi kuwa dole ne hannu ɗaya ya shafa takarda, ɗayan ya buga, sa'an nan ya sauya hannu, daga baya ya haɗa su da ka. Wato ba ya iya buga waƙa sai ya haddace ta. Ni da nake kukan haddar jadawalin Kimiyya, da na karanta wannan sai kunya ta kama ni.

Mahaifiyarsa ta rasu a 1945, ya bar makaranta ya shiga neman abinci da kiɗa. A 1948 ya tafi birnin Seattle, can ɗaya kusurwar ƙasar. Faya-fayensa na farko kwaikwayon Nat King Cole da Charles Brown ne. Sun yi daɗi, amma muryar aro ce.

Sai da ya koma kamfanin Atlantic a 1952 sa'an nan ya gano tasa hanyar. Ya ɗauko salon waƙoƙin coci da ya tashi yana ji, ya zuba musu kalmomin soyayya, ya haɗa da kiɗan da baƙaƙen fatar Amurka ke kira Rhythm and Blues. Haka aka sami "I Got a Woman" a 1954, da "What'd I Say" a 1959. Masu ibada da yawa sun yi fushi, suna cewa ya ɗauki abin Allah ya kai gidan rawa. A ganina suna da hujjarsu, amma wannan gamin shi ne ya buɗe hanyar kiɗan da aka kira Soul.

Ba a kiɗa kaɗai yake da wayo ba. Da zai koma kamfanin ABC a 1959, sai ya kafa sharaɗin cewa ainihin faya-fayen da ya ɗauka za su zama mallakarsa, abin da da wuya mawaƙi ya samu a zamanin.

Akwai abin da ba zan ɓoye ba, ko da iyayenmu za su karanta. Ya shafe shekaru kusan goma sha bakwai yana amfani da muguwar ƙwayar nan hiroyin, har aka kama shi a Boston a 1964. A 1965 ya shiga asibiti ya rabu da ita.

A 1961 ya ƙi yin wasa a garin Augusta na Jojiya, saboda an ware filin rawa don farar fata kaɗai, har aka ci shi tara. A 1979 jihar nan dai ta ɗauki "Georgia on My Mind", wadda ya rera a 1960, ta mai da ita waƙar jiha, ya je gaban majalisarta ya rera. Ya rasu ranar 10 ga Yuni, 2004, yana da shekara 73.