Hadarin bazara

Jisonayili unguwa ce a Tamale, a arewacin Gana. A watan Maris zafi yakan kai digiri 40. In Afrilu ya kama, sai sama ta rikice. Da safe rana tana ƙuna, da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin.

Iska takan riga ruwa isowa. Ta yaye kwanon ɗaki, ta karya reshen darbejiya, ko rufin makaranta ba ta bari. Shi ya sa magidanta suke ƙara ƙusa, suna ɗora duwatsu bisa rufi. Wata rana kuma hadarin ya watse, ko ɗigo babu.

Manomin da ya shuka masara da ruwan fari yakan yi asarar iri, in ruwa ya ɗauke.

Tambaya: Daga ina hadari yake tasowa?