Daidaita Wufa da Ƙananan Lasifikokin Kwamfuta

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, da yawa cikinmu muna da lasifikar nan mai akwati uku wadda ake haɗawa da kwamfuta: ƙanana biyu bisa tebur, babba guda a ƙasa, wanda ake ce da shi wufa. Na lura yawancinmu mukan murɗa wufa har ƙarshe, muna tsammani daɗin sauti ke nan. Ni kuwa ban yarda ba, ga kuma dalilina.

Sauti dai girgizar iska ne. Kunnen yaro mai lafiya yana jin girgiza tun daga wajen sau 20 cikin sakan ɗaya har zuwa sau 20,000. Aikin wufa na can ƙasa ne kaɗai, watau sauti mai kauri irin na tambari, daga 20 zuwa wajen 80, ko 150 in lasifikokin tebur ƙanana ne ƙwarai. Sauran duka, har da baƙaƙen da ke rarrabe wata kalma da wata, kamar s da sh da ts, ƙananan nan biyu ke ɗauke da su. To, in tambari ya cika wuri, ina za a ji mai sarewa?

Cikin shekara ta 1933 waɗansu masana biyu na Amurka, Fletcher da Munson, suka gwada kunnuwan mutane. Suka tarar kunne ba ya kama sauti mai kauri sosai in an yi ƙasa da murya, amma in aka ɗaga, sai kaurin ya fito fiye da dā. Ashe wufar da ka daidaita da dare, kana sauraro a hankali, za ta zama gurnani da rana sa'ad da ka ɗaga murya domin 'yan aji.

Saboda haka muryar ake fara tsayarwa, wufa daga baya. Ka rage wufa sarai. Ka kai muryar kwamfuta wajen kashi uku cikin huɗu, ka bar ta nan, sa'an nan ka murɗa ta lasifika har ta kai yadda za a saurara. Kada ka gwada da kiɗa tukuna. Ka sa muryar mutum, kamar mai karanta labarai, gama ita ce kunne ya fi sani. Sai ka riƙa ƙara wufa kaɗan kaɗan. Da zarar mutumin ya soma yi kamar yana magana daga cikin randa, ka wuce, koma baya kaɗan. In kuwa kana iya nuna inda kaurin ke fitowa da idonka a rufe, har yanzu ta yi yawa.

Wurin ajiye ta ma abin lura ne. In aka tura ta lungu, bango biyu da daɓe sukan mayar da sautin, kaurin ya ƙaru ba tare da an taɓa kome ba. Sauti mai kauri kuma ya fi siriri ratsa bango, shi ya sa na ɗakin kwana na kusa ba ya jin waƙarka, sai dum dum kawai, ga shi yana da jarrabawa gobe.

A aji, kada malam ya daidaita daga kan kujerarsa. Ya taka zuwa bencin baya ya saurara, ya kuma sa yaron da ke can ya maimaita jimlar da aka faɗa.