Ɗan Jagora a Rumfar Zaɓe

Rumfar zaɓe ta kowa ce, har da makaho, gurgu, kurma, zabiya, tsoho da mai ciki. A Nijeriya, hukumar zaɓe ta INEC ta ce a fara sallamar irin waɗannan mutane, kada a bar su a dogon layi cikin rana. Ta tanadi gilashin ƙara girman rubutu don masu raunin gani, da takardar rubutun makafi da ake ɗorawa a kan ƙuri'a, da fosta mai hotuna don kurame, ko da yake ba kowace rumfa suke isa ba. Idan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta kasa karanta yatsa, sai ta duba fuska.

Inda ɓarna take shi ne wajen ɗan jagora. Sashe na 54 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya yarda makaho ko mai wata nakasa ya shiga da wanda zai taimaka masa. Shi zai zaɓi mutumin da kansa, kuma ba a yarda ya zama wakilin jam'iyya ba. Aikin mai taimako ya dangwala inda aka ce masa. Ƙuri'ar ba tasa ba ce.

Ga yadda abin yake faruwa a gidaje. Daren jajibirin zaɓe, tsoho yana kan tabarma da rediyonsa, ya fi duk mutanen gidan sanin 'yan takara. Babban ɗansa ya shigo da taliya da sabulun da wata jam'iyya ta raba. Uwargida ta karɓe, amarya ta leƙo tana tambayar kasonta, yara suna wasoson alewa. Tsoho ya yi gyaran murya ya ce, "Ni fa na san wanda zan zaɓa." Ɗan ya ce, "To Baba, Allah ya kai mu." Gari na wayewa ya ja masa sanda har rumfa, ya kama yatsansa ya dangwala wa masu taliya. Da yamma yana majalisa yana ba da labari, maƙwabta suna ƙyalƙyala dariya, babu mai cewa ya yi laifi. Su ma gobe haka za su yi wa iyayensu.

Wannan cin amana ne. Rashin ido bai hana mutum tunani ba. Ɗan jagora ya karanta wa mai ƙuri'a sunayen jam'iyyu, ya faɗa masa alamominsu, ya dangwala inda ya ce, sannan ya kama bakinsa. Duk wanda ya ga ana juya yatsan makaho ko tsohuwa, ya sanar da jami'in rumfa nan take.