Daɓen Kankare Domin Babbar Mota

A zamanin da, fataken Azbin su kan sauka a Fagge, bayan ganuwar Kano, su durƙusar da raƙumansu. Raƙumi ba ya bukatar daɓe, ko ina ya samu sai ya kwanta. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kafa Sabon Gari, sannu a hankali manyan motoci suka gaji raƙuma wajen ɗaukar kaya. To, babbar mota ba raƙumi ba ce. In ta kwana bisa ƙasa da damina, sai ƙafafunta su nutse cikin taɓo, gari ya waye ta kasa fita, mai ita ya yi asarar aikin yini. Saboda haka a kan yi mata daɓen kankare a gida.

Da fari magini ya kan haƙe ƙasar sama mai laushi, ya zuba marmara, a yayyafa ruwa, a kirɓe ta sosai, kamar yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗaki. Nan ne gindin aikin, gama in ƙarƙashi ya lotsa, kome kaurin kankare sai ya tsage. Sa'an nan a kewaye wurin da katako, a shimfiɗa rodi, a ɗaure da waya, a ɗan ɗaga shi bisa duwatsu.

Ga yadda a ke kwaɓi: kwano 1 na siminti, 2 na yashi, 4 na tsakuwa. Lebura ya fi son kwaɓi mai ruwa-ruwa don sauƙin ɗiba, amma irinsa ba shi da ƙarfi. In an zuba, kada kaurinsa ya gaza inci 6. A bubbuga shi don iska ta fita, a ba shi ɗan gangare zuwa kwata, kada ruwan sama ya kwanta gindin bango.

Watakila kuna tsammani bushewa ke sa siminti tauri. A'a, ruwa ya ke sha ya taurare. In rana ko iskar hunturu ta busar da shi da wuri, sai ya yi rauni. Don haka a kan rufe shi da tsofaffin buhuna, a riƙa jiƙa su safe da yamma har kwana 7. Wannan aiki ko ku yara kwa iya. Motar kuwa sai ta ci gaba da kwana a tasha, ba za ta hau ba sai bayan kwana 28.